James Naismith: Marayan da ya ƙago wasan ƙwallon kwando, ya bar wa duniya kyauta

A ranar 7 ga Yulin 2019, a birnin Heraklion na ƙasar Girka, samarin Mali 'yan ƙasa da shekara 19 suka kara da takwarorinsu na Amurka a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta duniya. Amurka ce ta ɗauki kofin da ci 93 da 79, amma tarihi ya rubuta sunan Mali, domin kafin wannan rana babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe a gasar duniya ta hukumar FIBA. Bayan shekara uku, Najeriya, wadda ta ninka Mali yawan jama'a da arziki, ta janye kanta daga dukkan gasannin ƙasa da ƙasa saboda rikicin shugabanci.

Wannan wasa da ƙasashe ke tura 'ya'yansu su kare tutarsu a cikinsa ya sha bamban da yawancin manyan wasanni ta fuska guda: an san wanda ya ƙago shi, an san shekarar, an kuma san dalilin. Malamin makaranta ne mai suna James Naismith, a watan Disambar 1891, yana neman abin da zai shagaltar da ɗalibai 18 da sanyi ya kulle a ɗaki. Rayuwarsa, tun daga maraici a ƙauye har zuwa ranar da ya tsaya gaban tutocin ƙasashe a Berlin, tana zagaye ne da tambaya ɗaya wadda har yau ba a gama amsa ta ba a Katsina da sauran biranenmu: wane yaro aka buɗe wa ƙofar fili, wane ne kuma aka bari a waje?

Maraici da aikin daji

An haifi James Naismith a ranar 6 ga Nuwambar 1861 kusa da garin Almonte, a yankin da yake lardin Ontario na ƙasar Kanada a yau. Iyayensa, John Naismith da Margaret Young, asalinsu mutanen Sikotland ne, talakawa masu cin guminsu. A ƙarshen 1870 zazzaɓin taifot ya ɗauke su duka biyun, makonni kaɗan tsakani, lokacin yaron yana cika shekara tara. Shi da 'yar uwarsa Annie da ƙanensa Robert suka koma hannun kakarsu, da ita ma ta rasu sai riƙonsu ya dawo wuyan kawunsu Peter Young, manomi mai tsanani wanda ya ɗauki aiki tuƙuru a matsayin tarbiyya.

A gonar kawun nasa ya koyi saran itace da korar dawakin noma, a hanyar makaranta kuma ya koyi wasannin yaran karkara. Akwai guda da ya zauna masa a rai. Yara kan ɗora dutse a kan wani babban dutse, ɗaya ya tsaya gadi, sauran su yi ta jifa don su kakkaɓo shi. Wanda ya yi jifa da ƙarfi, ko ya samu, dutsensa kan yi nisa, mai gadi ya kama shi kafin ya ɗauko. Wanda ya lula dutsensa sama ya sauko a hankali shi ke cin riba. Wannan darasi, cewa saiti ya fi ƙarfi, shi ne daga baya ya zama ginshiƙin ƙwallon kwando.

Karatu bai zo masa da sauƙi ba. Ya bar sakandare ya shiga daji aikin saran katako na wasu shekaru, kafin ya dawo aji yana babban saurayi a cikin ƙannensa, ya kammala a 1883. Daga nan ya wuce Jami'ar McGill da ke Montreal, inda ya sami digiri a 1887, ya kuma yi suna a wasan zari-ruga da wasannin motsa jiki.

Tsakanin mumbari da filin wasa

Burin danginsa shi ne ya zama limamin coci. Ya shiga kwalejin koyon addini ta ɗariƙar Presbyterian a Montreal, ya kammala a 1890, yana koyar da motsa jiki a McGill don ya biya kuɗin makaranta. A wancan zamani malaman addini da dama suna kallon wasanni a matsayin shagala, wasu ma aikin shaiɗan suke ɗaukarsu, kuma an sha yi masa faɗa a kan zuwa ajin tauhidi da tabon fili a fuska.

Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya juya tunaninsa. Wata rana ana atisayen zari-ruga, abokin wasansa ya fusata ya yi ashar, da ya waiwaya ya ga Naismith a gefensa sai ya ba shi haƙuri, alhali bai ce masa komai ba. Daga nan ya fahimci cewa mutumin kirki a cikin fili yana iya gyara halin samarin da ba za su taɓa zama su saurari wa'azi ba. Ya yanke shawarar barin hanyar mumbari ya koma koyar da wasanni, shawarar da ta ɓata wa 'yar uwarsa rai shekara da shekaru.

A 1890 ya tsallaka Amurka, ya shiga makarantar horar da ma'aikatan ƙungiyar matasa Kiristoci ta YMCA da ke Springfield a jihar Massachusetts. Bayan shekara guda aka ɗauke shi malami a ƙarƙashin shugaban sashen motsa jiki, Dakta Luther Gulick.

Kwana 14 da kwanduna biyu

Hunturun wannan yanki yakan rufe filaye da ƙanƙara watanni da dama. Akwai wani aji na samari 18, yawancinsu manya masu shirin zama sakatarorin ƙungiyar, waɗanda suka gaji da faretin cikin ɗaki da ɗaga ƙarfe, har suka gagari malamai biyu. Gulick ya miƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya zo da wasan da za a yi a cikin zaure, mai ɗaukar hankali, wanda kuma ba zai karya kowa ba.

Ya fara da gwada shigo da wasannin waje cikin ɗaki, duk suka ci tura. Sai ya zauna ya warware matsalar daki-daki. Ya lura cewa wasannin ƙaramar ƙwallo suna buƙatar sanda ko faifai, kayan da ke da tsada da wuyar koyo, don haka ya zaɓi babbar ƙwallo wadda hannu kawai take buƙata. Ya lura cewa raunuka suna zuwa ne daga kayar da mai gudu da ƙwallo, don haka ya hana gudu da ita: wanda ya kama, daga inda yake zai jefa wa ɗan'uwansa. Sannan ya tuna wasan dutsen yarintarsa, ya ɗaga ragar sama da kawunan mutane, bakinta yana kallon sama, yadda ƙarfi ba zai yi amfani ba kuma masu tsaro ba za su iya toshe ta da jikinsu ba.

Ya nemi akwatuna biyu wurin mai kula da ginin, bai samu ba, sai aka ba shi kwandunan zuba 'ya'yan itatuwa. Ya kafa su a jikin dogarin barandar zauren, wanda tsayinsa ƙafa 10 ne daga ƙasa, wato mita 3.05. Babu wani lissafi a cikin wannan tsayi, inda baranda ta tsaya ne kawai, amma har yau a kansa ake kafa kowace raga, daga Bamako har Beijing.

A ranar 21 ga Disambar 1891 aka yi wasan farko, mutum tara tara, da ƙwallon ƙafa, aka tashi 1 da nema. Duk lokacin da ƙwallo ta shiga sai an hau tsani an ciro ta, domin kwandon yana da gindi. A wata hira da gidan rediyo a 1939, Naismith ya ce gwajin farko ya rikiɗe ya zama kokawa, har wasu suka fita da kumburin ido. Dokoki 13 da ya rubuta, waɗanda jaridar makarantar ta buga a ranar 15 ga Janairun 1892, sun haramta ture da riƙo da taɗiya da duka, sun kuma tsara rabi biyu na minti 15 kowanne. Tafiya ana buga ƙwallo a ƙasa, da allon bayan raga, da tsayar da 'yan wasa biyar biyar, duk daga baya suka zo.

Wani ɗalibi, Frank Mahan, ya ba da shawarar a sa wa wasan sunan malaminsu. Naismith ya ƙi, aka tsaya a kan suna mai sauƙi da ya haɗa ƙwallo da kwando. Bai kuma taɓa yi wa wasan rajistar mallaka ba, balle ya nemi a biya shi kafin a buga.

Yadda wasan ya ƙetare teku

Da yake babu mai shi, wasan ya bazu kamar wutar daji. Ɗaliban Springfield sun fito daga wurare daban-daban, har da Kanada da Japan, kuma kowanne ya koma gida da dokokin a aljihu. A 1892 wata malama, Senda Berenson, ta fara koya wa 'yan mata a Kwalejin Smith. A 1893 an buga shi a birnin Paris, a 1895 ya isa Tianjin ta ƙasar Sin. Gaskiya ne cewa rassan YMCA da makarantun mishan ne suka fara ɗaukarsa zuwa ƙasashe, kuma manufarsu ta addini ba ɓoyayya ba ce. Sai dai wasan ya zarce waɗanda suka kawo shi. Masar da Senegal da Mali da Turkiyya, inda Musulmi suka fi yawa, duk sun rungume shi, kuma ɗaya daga cikin gwanayen da duniya ta taɓa gani, Hakeem Olajuwon ɗan Legas, ya sha buga wasannin gasar NBA yana azumin Ramadan.

Kocin da aka fi ci

Naismith bai zauna yana gadin abin da ya ƙago ba. A 1894 ya auri Maude Sherman, wadda ta haifa masa 'ya'ya biyar. A 1895 ya koma Denver, yana aiki da rana yana karatun likita, ya sami shaidar zama likita a 1898. A wannan shekarar Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence ta ɗauke shi ya jagoranci addu'o'in ɗalibai ya kuma koyar da motsa jiki. A nan ya yi kusan shekara 40.

Shi ne kocin farko na ƙungiyar jami'ar, daga 1898 zuwa 1907, inda ya ci wasa 55 aka ci shi 60. Har yau shi kaɗai ne kocin Kansas da aka fi cinsa a kan yadda ya ci. Abin bai dame shi ba, domin a ganinsa wasa na mai bugawa ne, kuma amfaninsa lafiyar jiki da ladabi da sanin haƙƙin abokin karawa. Sau da yawa yakan bar benci ya riƙe usur ya yi alƙalanci. Ɗalibinsa Forrest Allen, wanda aka fi sani da Phog, ya saɓa masa a kan wannan: ya mayar da horarwa sana'a, ya jagoranci ƙungiyar kakar wasa 39, ya ci wasa 590. Saɓanin malami da ɗalibi, tsakanin wasa don tarbiyya da wasa don kofi da kuɗin ƙofa, shi ne saɓanin da ke cikin kowace gasar matasa har gobe.

A 1916 aka naɗa shi fasto, ya bi sojojin jihar Kansas zuwa iyakar Meziko. Daga 1917 zuwa 1919, yana da shekara sama da 55, ya yi aiki da YMCA a Faransa a tsakanin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai a 1925 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka.

Ɗalibin da aka hana shiga fili

A 1933 wani saurayi baƙar fata mai suna John McLendon ya shiga sashen motsa jiki na jami'ar. Zamanin wariyar launin fata ne. Komai gwanintarsa, ba shi da damar sa rigar ƙungiyar jami'ar. Iyo yana cikin darussan da dole ɗalibin sashen ya ci, amma an hana baƙaƙe shiga tafkin ninƙayar makarantar, kuma da McLendon ya yi ƙundunbala ya faɗa, sai aka zubar da ruwan aka sake wani. Bai fasa ba har sai da aka buɗe tafkin ga kowa.

Naismith, wanda a lokacin ya haura shekara 70, shi ne mai ba shi shawara a karatu, kuma ya tsaya masa. Ya koya masa yadda yake ganin wasan, na sauri da kai hari daga wannan raga zuwa waccan ba tsayawa, ya kuma taimaka masa ya sami wurin gwajin koyarwa. McLendon ya kammala a 1936. A watan Maris na 1944, a jihar North Carolina inda doka da al'ada suka hana cuɗanya, ya haɗa ɗalibansa baƙaƙe da ɗaliban likitanci farare na Jami'ar Duke a wani wasa da aka kulle ƙofa aka buga a asirce, yaransa suka ci 88 da 44. Daga 1957 zuwa 1959 ya ɗauki kofin ƙasa na ƙananan kwalejoji sau uku a jere, gasar da Naismith yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1937. Har ƙarshen ransa McLendon yana danganta abin da ya sani ga tsohon malaminsa.

Adalci ne a faɗi iyakar abin da Naismith ya yi. Bai zama jagoran gwagwarmaya ba, kuma bai iya karya dokar wariya a jami'arsa ba: sai bayan rasuwarsa da shekara fiye da 10 baƙar fata na farko ya buga wa Kansas wasa. Abin da ya yi shi ne abin da ke hannun malami, wato ya ƙi yarda a kori ɗalibinsa daga ilimi, kuma wannan ɗalibi guda ya buɗe wa dubbai hanya.

Berlin, da ƙarshen rayuwa

A ranar 18 ga Yunin 1932 ƙasashe takwas suka kafa hukumar FIBA a birnin Geneva: Ajantina, Chekoslobakiya, Girka, Italiya, Latbiya, Fotugal, Romaniya da Switzalan. Babban sakatarenta na farko, William Jones, shi ma tsohon ɗalibin Springfield ne. Da ƙoƙarin hukumar da na Phog Allen aka sa ƙwallon kwando cikin wasannin Olamfik na Berlin a 1936.

Mutumin da ya ƙago wasan ba shi da kuɗin jirgi. Sai da ƙungiyar masu horarwa ta Amurka ta yi karo-karo, ana tara kwabbai a ƙofofin filaye, kafin ya sami guzuri. Matarsa ba ta da lafiya, don haka shi kaɗai ya tafi, yana da shekara 74. Jamus tana hannun Hitler, an kuma yi ta kiraye-kirayen a ƙaurace wa wasannin, amma Naismith ya halarta. Ƙasashe 21 suka fafata, Masar ce kaɗai daga Afirka, tawagar Amurka kuwa babu baƙar fata ko ɗaya a cikinta. Shi ya jefa ƙwallon buɗe gasar a karawar Faransa da Estoniya.

A fili buɗaɗɗe aka yi wasannin, a kan ƙasar da aka shirya don tanis. Ranar wasan ƙarshe, 14 ga Agusta, aka kwana ana ruwa, fili ya zama taɓo, ƙwallo ta ƙi tashi daga ƙasa. Amurka, ƙasar da ta karɓe shi, ta doke Kanada, ƙasar haihuwarsa, da ci 19 da 8, Meziko ta zo ta uku. Shi ya miƙa lambobin yabo, FIBA kuma ta naɗa shi shugabanta na girmamawa.

Maude ta rasu a 1937, shekarar da ya yi ritaya. A watan Yunin 1939 ya auri Florence Kincaid, a ranar 28 ga Nuwamba ta wannan shekara kuma ya rasu a Lawrence sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 78. Littafinsa kan asalin wasan ya fito a 1941. Bai bar dukiya ba. A watan Disambar 2010 aka yi gwanjon shafuka biyun da ya rubuta dokokin a kansu, aka saye su dala miliyan 4.3, aka ba Jami'ar Kansas.

Gadon da ya faɗo hannun matasa

Naismith bai ga gasar matasa ta ƙasa da ƙasa ba, ko da yake domin matasa ya yi wasan. A 1958 aka fara gasar Albert Schweitzer a birnin Mannheim na Jamus, ta samarin ƙasashe 'yan ƙasa da shekara 18. A 1961 aka kafa hukumar Afirka a Alƙahira. FIBA ta fara gasar duniya ta 'yan ƙasa da 19 a Brazil a 1979, ta 'yan mata a 1985, ta 'yan ƙasa da 17 kuma a 2010. A waɗannan gasanni ake gane ƙasar da take shuka da wadda take jiran girbin gonar wani.

Mali ta shuka. Daga 2009 zuwa 2023 'yan matanta 'yan ƙasa da 16 suka yi ta ɗaukar kofin Afirka a jere, samarinta kuma suka ɗauki na 'yan ƙasa da 18 a Bamako a 2018, kafin su girgiza duniya a Girka. Amma kofi bai isa shaida ba: a 2021 rahoton ƙungiyar Human Rights Watch, da binciken da FIBA ta sa aka yi, suka bankaɗo cin zarafin 'yan mata a cikin tsarin wasan na Mali. Ƙasar da ta tara yara a sansani, amanarsu tana wuyanta kafin lambar zinare.

Najeriya kuwa Allah ya hore mata gwanaye. Ta sha ɗaukar kofin matasa na Afirka a baya, D'Tigers sun ci kofin nahiyar a 2015, D'Tigress sun ci sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, a Olamfik na Paris a 2024 kuma suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta shiga sahun takwas na ƙarshe. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan taurari makarantun Amurka ne suka raine su. A gida, hukumar wasan ta dare biyu tun watan Yunin 2017, lokacin da aka yi zaɓe ɗaya a Kano wani a Abuja, aka sake maimaita irin haka a Benin da Abuja a farkon 2022. A watan Mayun 2022 gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta sanar da janye ƙasar daga gasannin waje na shekara biyu. An soke matakin bayan makonni shida, amma aikin gama ya gama: gurbin D'Tigress a gasar duniya ta Sydney ya riga ya koma hannun Mali. Manya suka yi rigimar kujera, 'yan wasa suka biya.

Ƙofar fili a Katsina

Katsina ba baƙuwar wasanni ba ce. Sarki Muhammadu Dikko ya dasa ƙwallon dawaki, wato folo, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a kansa har ƙasashen waje. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta yaye shugabannin Arewa da suka iya wasan Fives na buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ciki har da Sardauna Ahmadu Bello. Amma waɗannan wasanni sun shigo ne ta ƙofar fada da makarantar zaɓaɓɓu da barikin Turawa. Unguwar GRA kanta, kamar takwarorinta a Kano da Zariya, an shata ta ne don a keɓe masu mulki daga jama'ar birni. Turawa sun tafi, amma tambayar tana nan: ɗan GRA da ke makarantar kuɗi mai daɓen siminti da raga, da ɗan Ƙofar Marusa ko Ƙofar Guga da ke ajin da babu kujera, damarsu ɗaya ce ta sa rigar Najeriya?

Wasan Naismith an yi shi ne don inda wuri ya yi ƙaranci da kuɗi. Filinsa mita 28 ne da 15, wato faɗin filin ƙwallon ƙafa guda zai ɗauki kusan 17. Samfurin mutum uku uku, wanda aka fara a Olamfik na matasa a Singafo a 2010, rabin fili da raga ɗaya yake buƙata. Zariya ta nuna abin da fili ɗaya da malami ɗaya za su iya: a can Masai Ujiri ya tashi, ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, har ya jagoranci ƙungiyar Toronto Raptors, ta lardin da aka haifi Naismith, ta ɗauki kofin NBA a 2019. Ƙungiyar Kano Pillars ta ƙwallon kwando ita ma ta sha zama zakarar ƙasa.

Ƙofar 'yan mata ma an buɗe ta. Shekara da shekaru dokar FIBA ta hana wasa da ɗankwali ko hijabi, har tawagar matan Ƙatar ta fice daga wasannin Asiya na 2014 a kan haka. A 2017 aka soke dokar, kuma cikin waɗanda suka yi fafutukar akwai Bilqis Abdul-Qaadir, Musulma haifaffiyar Springfield, garin da aka rataye kwandon farko. Babu wata dokar duniya a yau da ta hana yarinyar Katsina wakiltar ƙasarta cikin suturarta.

Abin da ya rage aikin gida ne, kuma yana cikin abin da matashi mai ƙuri'a zai iya tambayar ɗan majalisarsa da shugaban ƙaramar hukumarsa: makarantun gwamnati nawa ne ke da fili da raga, malaman motsa jiki nawa aka ɗauka aiki, yaushe aka yi gasar sakandare ta ƙarshe, kuma ina kuɗin wasanni na kasafin bara ya shiga? Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da zai tsaya gaban Amurka yana da shekara 18, tun yana ɗan shekara 10 ake miƙa masa ƙwallo, kuma mai miƙawar yawanci malamin makaranta ne irin James Naismith.